Jar Shinkafar Inna

Da Inna ta rasu, 'ya'yanta mata biyu suka raba gadonta ba tare da sun zauna rabo ba. Auta ta ɗauki kaifin kanta, ta yi karatu har ta zama mai binciken iri a cibiyar noma, mutane suna kiranta Dakta. Yaya kuwa ta gaji tukunyar gumi da ake turara shinkafa a ciki, da 'yar fadamar bayan gida, da tulun da Inna ke ajiye irin jar shinkafarta a cikin toka. Shinkafa ce doguwa mai rowar tsaba, amma ko ambaliya ta rufe mata kai, sai ta jira ruwa ya janye ta miƙe abinta.

Shekarun baya Auta ta roƙi cikin tafi guda na wannan iri, Yaya ta ba ta ba tare da tambayar dalili ba. A cibiya aka haɗa jar da wata gajeriya mai yawan tsaba, aka yi ta zaɓe daga 'ya'ya zuwa jikoki, har aka fitar da sabuwa wadda ta ɗauko yalwar wannan da juriyar waccan. Manoma suka raɗa mata suna 'Yar Dakta.

Sunan nan ya tsaya wa Yaya a wuya. Kullum mata suna kawo mata shanshera, shinkafa da ɓawonta, ta turara musu, kowace ta sauke buhunta sai ta ce a kula da kyau, 'Yar Dakta ce. Wasu har barka suke yi mata da samun ƙanwa irin wannan. Yaya takan amsa da fara'a, sannan ta juya ta tura itace cikin murhu da ƙarfin da ya wuce bukata. Ita ce ta yi shekara da shekaru a sunkuye tana tsince baƙuwar zangarniya daga cikin jar don kada irin ya gurɓata. Ita ta kori tsuntsu, ita ta canza toka. Ba ta taɓa jin an ce 'Yar Yaya ba, kuma ko Inna ba a ambata.

Ana gab da faɗuwar damina Auta ta zo, ta zauna a kan turmi kamar yadda take yi tun tana yarinya. Ta ce wata cuta mai ƙona ganye ta fara kama sabuwar shinkafar, kuma ta tuna jar Inna ba ta taɓa yin wannan ciwo ba. Irin da suka ajiye a cibiya ya mutu da ɗakin sanyinsu ya lalace. In ba a sake haɗa su bana ba, manoma da yawa za su girbe ƙaiƙayi nan gaba. Duk duniya, in ji ta, tulun Yaya kaɗai ya rage. Yaya ta daɗe tana juya shinkafa a tabarma kafin ta ce ta dawo jibi.

Ta ɗebi jar daga tulu ta jiƙa, ta turara ta sama-sama yadda ɓawon ba zai tsage ba, ta shanya a inuwa, ta shafa mata toka ta ƙulle a tsumma. Ta san ƙwayar da ta sha tururi ba ta ƙara tsira. Tana ƙullin tana ce wa zuciyarta, bari dai a ga abin da karatun zai haifa shi kaɗai.

Auta ta karɓi ƙullin da hannu biyu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɓare da farce, ta sa a haƙori. Ita ma a gindin wannan tukunya ta girma. Ta dubi yayarta, ta dubi murhun, ta yi godiya ta tafi.

Washegari sai ga ta da kwano a rufe. Ta buɗe, jar shinkafa ce dafaffiya tana tururi.

“Ba ta shukuwa, Yaya, shi ya sa na dafa mana. Zo mu ci, kada ta Inna ta tafi a banza.”

Kunya ta kama Yaya, amma haushi ya fi ta nauyi.

“Kin ɗauki cikin tafi kin dawo da suna,” ta ce. “Ni da na riƙe tulun, me na samu? Hayaƙi a ido.”

Auta ta ce ba ita ta raɗa sunan ba, kuma a duk takardun cibiya ta rubuta daga hannun wa uwar irin ta fito. Yaya ta tambaye ta ko ta taɓa ganin mace ta sauke buhu tana karanta takardar cibiya. Suka ci shinkafar, kowace tana kallon gefenta na kwano.

Sai da suka wanke hannu Yaya ta tambaya, kamar ba ta damu ba, yadda ake wannan haɗin. Auta ta bayyana mata: ana datse bakin furen wadda za ta zama uwa, a tsince zaren namijin da ke ciki da ɗan hantsaki kafin ya fashe, a rufe zangarniyar da jakar takarda. Idan hantsi ya yi, furen uban ya buɗe, sai a kaɗa shi a kanta. Garin furen ba ya jure tafiya, nan da nan yake mutuwa.

“To ashe ba iri kike bukata ba,” in ji Yaya. “Uba kike nema. Zan ba ki aronsa, amma a gonata zai tsaya. Ƙwaya ɗaya ba za ta sake fita gidan nan ba.”

Auta ta ce hakan na nufin sai ta kwaso shukokinta a bokitai ta kawo bayan gida, ita da ma'aikatanta, a kan idon kowa.

“Ai a kan idon kowa nake so.”

Haka kuwa aka yi. Da jar ta fitar da kai, motar cibiya ta tsaya a ƙofar mai gumi, aka jera bokitai a bakin fadama. Matan da suka kawo shanshera suka ajiye buhunansu suka zagayo kallo. Dakta tana durƙushe cikin laka tana cire jakunkuna, Yaya tana tsaye a kanta riƙe da zangarniyar jar, ta hana kowa taɓawa. Da hannunta ta kaɗa, garin ya sauka siriri kamar ƙura.

Wata daga cikin matan ta tambaya ko wannan ma 'Yar Dakta za a ce mata.

Yaya ba ta waiwaya ba. Ta zuba wa ƙanwarta ido tana jira, zangarniya ta biyu a hannunta, ba ta kaɗa ba tukuna.

Auta ta share gumi da bayan hannu. “Ku tambayi mai uban,” ta ce.

Sannan Yaya ta kaɗa.