Gilasai Arba'in da Takwas

A ɗakin binciken kowa Auta yake ce mata, don ita ce ta ƙarshe da aka ɗauka cikin masu neman horo. Likita ce. Ta yi shekara uku tana duba masu hawan jini da ciwon suga kafin ta dawo koyon bincike a hannun Farfesa, wata doguwar mata marar yawan magana, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen neman sanin abin da ke sa jijiyar jini ta kumbura bayan rauni har ta toshe.

Wata huɗu na farko duk a koyon hannu suka tafi. Baba Mai Gilashi, tsohon ma'aikacin da ke kula da kayan ɗakin, shi ya nuna mata yadda ake ciro jijiyar wuyan ɓera, wadda ba ta fi zaren ɗinki kauri ba, a yanka ta siri-siri a shimfiɗa a kan gilashi. Duk lokacin da ta tsinka ɗaya sai ya tuna mata ba igiyar shanya take ja ba.

Da hannunta ya faɗa, Farfesa ta ba ta aikin gaske. Ɓeraye ne masu rauni a jijiya, rabinsu an ba su wani magani da Farfesa ta yi shekara biyar tana sa wa rai, rabi ba a ba su ba. Baba ya liƙe bayanan gilasan arba'in da takwas, ya sa musu lamba, don kada mai ƙirga ta san wanne ne wanne. Mako uku Auta ta yi a sunkuye kan madubin bincike tana ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da suka maƙale a bangon jijiya, har ko a bakin hanya ɗige-ɗige take gani.

Ranar da aka cire liƙin aka haɗa lissafi, sai ga shi kumburin ɗaya ne. Maganin bai yi komai ba.

Ta kai maganar wurin yayanta da take zaune a gidansa. Ya ce shi dai malamin makaranta ne, amma ya san ba a shiga wurin babba da irin wannan labari gatsau. Gara ta sake dubawa, in ji shi, wataƙila idonta ne ya gaji.

Washegari ta ɗauko gilasan, yanzu ta san kowanne. A na biyar ta kama kanta. Ɗigon da ba ta tabbatar da shi ba, in a ɓeran da bai sha magani ba ne sai ta ƙirga, in a wanda ya sha ne sai ta wuce. Lambobin har sun soma karkata yadda ake so. Ta kashe fitilar madubin ta nufi ofishin Farfesa da takardu biyu, ta lissafin farko da ta wannan sabon.

Farfesa ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu, ta tambayi dalilin bambancin. Auta ta faɗa mata duka. Farfesa ta sa Baba ya sake liƙe guda goma, ta zauna ta ƙirga da kanta har la'asar.

"Ta farkon ce daidai," in ji ta. "Ranar Alhamis ki gabatar wa abokan aikinki, har da ta biyun."

"Har da ita, Farfesa?"

"Ita ce ma suka fi buƙata. Kowa a ɗakin nan ya taɓa yi, kaɗan ne suka kama kansu."

Auta ta gabatar, ta sha tambayoyi, ba wanda ya yi dariya. Farfesa kuwa kwana biyu ƙofarta na rufe, ko gaisuwa da kai take amsawa. A na uku ta fito ta ce a ajiye maganin nan, Auta ta rubuta abin da ta samu a aika a buga, ko wani ya huta da bin hanyar. Rubutun ya ci mata wata biyu, sau shida Farfesa na dawo mata da shi da jan biro.