Daren da Maigadi Ya Kwana Ɗakin Yaya

Madam ta ɗaga rigar da yatsu biyu, ta juya ta gaba da baya don duk mai ido a ɗakin ɗinkin ya gani. Kekuna goma sha biyu suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, a wane gefe ake sa aljihun rigar makaranta?"

"Hagu," in ji Auta.

"To wannan fa?"

Auta ta duba. Aljihun na zaune daram a dama, ɗinkin nan tsaf, ko zare ɗaya bai kauce ba. Da riga ɗaya ce, da an yi dariya an wuce wurin. Amma tulin da ke gefen kekenta duka haka yake, aikin safiya guda cur, kuma ita ba ta tuna lokacin da ta ɗinka ko rabinsu ba.

Madam ba muguwa ba ce, baki ne dai da ita. Ta rage murya, ta ce, "Makon jiya allura ta huda miki yatsa. Shekaranjiya na same ki kin kifa kai a kan keke. Ni ma fa na haihu, har huɗu. Ki raba yaron nan da nonon dare, ko ki raba kanki da kujerar nan. Ba zan sake faɗa ba."

Haka Auta ta yini da reza tana warware abin da hannunta ya yi. Ta kusa da ita, wata dattijuwa mai aikin maɓalli, ta leƙo ta saman tabarau.

"Har yanzu Maigadin naki bai ajiye aiki ba? Sau nawa yake tashi?"

"Sau huɗu. Wani lokaci biyar."

"Wata bakwai? Lalle kin haifi ma'aikaci."

Auta ta yi murmushi, ta ci gaba da tsinke zare. Sunan nan ubansa ne ya laƙa masa tun yana ɗan sati uku, don ya ce duk ɓarawon da ya shigo gidan da dare zai tarar da mutum ɗaya ido biyu. Shi uban yaron, direban tirela ne. Kwana biyu yake yi a gida, ya yi goma sha biyu a hanya, ko da ya dawo ma rabin zuwan barci ne ke cinye shi. Garin nan aure ne ya kawo Auta, uwarta da 'yan'uwanta suna can nesa, sai dai murya a waya. Wadda take da ita kawai Yaya ce, yayar mijinta, da ke zaune a ɗakin ƙasa na gidan hayar. Ita ke riƙe yaron daga shida na safe zuwa bakwai da rabi na yamma.

A cikin bas, matse tsakanin taga da wata mai kwandon kaya, Auta ta jingina kai da gilashi. Akwai abin da ba ta gaya wa Madam ba, ba ta gaya wa mai maɓalli ba, ita kanta ma ba ta cika son gaya wa kanta ba. Maigadi ya ajiye aiki tun kusan sati uku da suka wuce. Yanzu in ya kwanta, sai ya miƙe har asuba. Ita ce ke farkawa ƙarfe biyu, ta zauna tana kallonsa cikin hasken da ke shigowa daga fitilar titi, can sai ta kai yatsa ta ɗan shafa tafin ƙafarsa. Ya motsa, ya yamutsa fuska, ya fara laluben ƙirjinta ido a rufe. Ƙarfe huɗu ma ta sake.

Ta san ba daidai ba ne. Amma me ya rage mata? Da safe tana miƙa shi yana barci, da yamma tana karɓarsa an yi masa wanka yana lumshe ido. Haƙorinsa na farko a yatsan Yaya ya fara cizo. Rarrafensa na farko labari aka ba ta. Ranar Lahadin nan da ya bugu da ƙafar kujera, ta buɗe masa hannu, yaron ya rarrafa ya wuce ta yana kuka, ya je ya kama zanen Yaya. Kowa ya yi dariya, har da ita. Da dare ne kawai yake sanin wace ce ita, in ya kama nono yana riƙe da yatsanta, yana ɗan gurnani. A nan take ba shi labarin Madam, da na bas, da na uwarta. Ban da shi, ba ta da wanda take yi wa magana mai tsawo a garin nan.

Ta tarar da Yaya a bakin ƙofa, yaron goye a bayanta. Yaya ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta ce, "Me kuma ya faru?"

Auta ta faɗa mata maganar aljihu da gargaɗin Madam.

"Ai na daɗe ina gaya miki. Dubi idonki, kamar wadda ta tashi daga jinya. Yau a wurina zai kwana. Kwana uku in ya yi bai ji ƙamshinki ba, zai manta da tashin dare."

"Yaya, zai hana ki barci."

"Ni da na yi renon biyar? Ba shi ya sha ya ƙoshi, ki haye sama ki kwanta. In ya yi kuka ga madara nan a fida."

Babu abin da za ta ce wanda ba zai tona ta ba. Ta zauna a bakin katifar Yaya ta ba shi, ta ja abin iyakar ja, har sai da ya saki da kansa, madara na gangarowa ta gefen bakinsa. Yaya ta karɓe shi, ta kora ta da hannu.

Ɗakin sama bai taɓa yi mata faɗi haka ba. Ta ci abinci a tsaye, ta wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya. Wajen ƙarfe tara mijinta ya kira daga inda suka yada zango, ƙarar injina na cinye rabin maganarsa.

"Yaya ta kyauta," ya ce. "Yau kya yi barcin da kika daɗe ba ki yi ba. Ina Maigadin?"

"Yana ƙasa."

"To madalla. Bari in je, ana kiran a gyara fakin."

Ta riƙe wayar a kunne har bayan kiran ya katse.

Barci ya ɗauke ta kuwa, mai nauyi. Amma ƙarfe biyu daidai idonta ya buɗe, hannunta ya riga ya tafi gefen katifar, ya tarar da zanen gado mai sanyi. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe. Ta kwanta tana saurare. Fanka na juyawa, famfon bayan gida na ɗiga, wata mota ta wuce can nesa. Ta kama kanta tana roƙon yaron ya yi kuka, ko sau ɗaya ne, don ta samu dalilin sauka. Kunya ta kama ta, amma ba ta daina roƙon ba. Shiru.

Biyu da rabi ta yafa mayafi ta sauka ba takalmi, tana lalube da bango. Ta daɗe tsaye a ƙofar Yaya kafin ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

Yaya ta buɗe, ɗankwali a karkace, ba ta yi mamaki ba. Ta haska fitilar waya ƙasa-ƙasa. Ga shi can ya baje hannuwa sama, baki a ɗan buɗe, ƙafa ɗaya ta fito daga cikin zane. Fidar na gefe, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Tun da kika hau bai ko juya ba," in ji Yaya a hankali. Ta dubi yaron, ta dubi rigar Auta. "Ƙanwata, anya shi ke tashinki?"

Auta ta girgiza kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta goge ba.

"Da rana naki ne, Yaya. Ni daren nan kaɗai gare ni."

Yaya ta matsa daga bakin ƙofa.

"Ɗanki ne. In kina so ki ɗauke shi, ba zan hana ki ba. Amma gobe ke za ki zauna gaban keken nan, ba ni ba."

Auta ta durƙusa a gefen katifar. Ƙafar nan na gabanta, 'yan yatsun a dunƙule, ta san daidai inda za ta taɓa. Ta kai hannu. Ta tsaya tana jin numfashinsa, yana fita yana komawa, bai san ma ta zo ba. Sai ta kama bakin zanen ta ja, ta rufe ƙafar.

Ta ɗauki wani kofi mai murfi, ta zauna a ƙasa ta juya wa katifar baya, ta tatsa da hannu cikin duhu. Ba abin da ake ji sai ƙarar madarar na faɗawa cikin kofin. Da ta gama ta rufe, ta miƙa wa Yaya.

"Na safe ne. Zan fita kafin ya tashi." Ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Ki ɗan ɗumama masa, Yaya. Ba ya son mai sanyi."

"Na sani," in ji Yaya.