Shayi a Robar Gwaji

Auta ta ɗaga wata 'yar roba mai jan murfi ta saita ta da hasken taga, ta ga launin ya yi duhu da yawa. Ta zubar da rabi, ta ƙara ruwan famfo, ta girgiza, ta sake dubawa. Yanzu kam ya yi daidai da fitsarin mutumin da bai sha ruwa ba tun safe. Shekararta tara tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, babu launin da bai ratsa ta hannunta ba.

Dogo, abokin aikinta, ya ɗago kai daga na'urar duba jini. "Fitsarin wane bawan Allah ne kike ta sirkawa haka, kamar za ki kai kasuwa?"

"Shayinka ne."

Ya leƙa kofinsa ya ga wayam. Ya buɗe baki zai yi mita, sai ya ga ta ɗauko wata sabuwar robar, ta raba ruwan gida biyu daidai, ta manna wa kowace takarda. A ta farko ta rubuta "nawa", a ta biyu ta rubuta "na maigida". Auta kuwa ba ta da miji.

"Wurin mutumin nan za ki," in ji Dogo. Ya daina dariya.

"Ruwa ɗaya, roba biyu. In amsarsa ta zo ɗaya, ka ce ya yi sa'a. In ta zo biyu, yau sai na kwance masa zani a gaban mutanensa."

"Ki kai ƙara hukuma mana."

"Na kai. Suka ce in kawo hujja. Ka riƙe min aikina zuwa la'asar."

Wata biyar ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarta. Shekara goma sha ɗaya tana fama da ciwon suga, kuma Auta ce ta riƙe ciwon kamar yadda ake riƙe mugun kare a ɗaure. Ita ke yi mata allura, ita ke huda mata yatsa safe da rana da yamma, ta rubuta lambar a littafi. Da aka tura ta kwas na mako shida, ta tafi ta bar komai a jere cikin firij, da takardar bayani manne a ƙofa. Kafin ta dawo an kai Inna wurin wani mai magani da ake kira Mai Kwalba, wanda ke duba fitsari da ido ya faɗi cuta. Ya ce allura ce ke ciyar da ciwon, a daina. Aka daina. Auta ta dawo ta tarar da alluran nan cif yadda ta bar su, uwarta kuma kwance ba ta gane kowa. Kwana uku ta yi a asibiti.

Baba ne ya kai ta wurin Mai Kwalba. Auta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba kuma za ta fara ba. Tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci, tana amsa masa da "to" da "a'a", shi ke nan. Duk abin da ta haɗiye a gida, Mai Kwalba ta tara wa.

Bas biyu ta hau. A ta biyun an matse ta tsakanin wani mai buhu da wata mai goyo, ta rungume jakarta a ƙirji don kada robobin su kife. Ta yi ta bitar abin da za ta faɗa. Ta riga ta zaɓi kalmomin tun makonni, ta goge su sun yi kaifi. Ba ta son Mai Kwalba ya mutu. So take ya zauna a kujerarsa ya ga mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ya ji yadda ɗaki ke yin shiru idan kowa ya watse.

Wurin shago biyu ne aka fasa bangon tsakani, a bayan wata tashar mota. Benci biyar, fanka ɗaya mai kuka, da layin mutane kowa riƙe da kwalbarsa a leda. A bango an rataye hoton cikin ɗan Adam, irin na ajin makaranta, rana ta cinye shi har hanta da huhu sun zama launi ɗaya. Mai Kwalba ba ya shiga ɗaki da mara lafiya. A gaban kowa yake aikinsa, don na baya su gani su ƙara yarda. Abin da Auta ke so ke nan.

Ta zauna kusa da wata dattijuwa mai kumburarriyar ƙafa.

"Yau kika fara zuwa, 'yata?"

"Yau ne, Mama."

"Kin zo gidan sauƙi. Asibiti sun yi ta ɗibar jinina har na kusa ƙarewa, ba wanda ya taɓa kallon fuskata. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi wa kwalbata ya ce ina da damuwar ɗa. Wa ya gaya masa?"

Auta ta dubi ƙafar. Fatar ta yi sheƙi, babban yatsan ya soma baƙi. Ta so ta yi magana, sai ta tuna abin da ya kawo ta, ta ja bakinta. Ta kunna wayarta a kan ɗaukar murya, ta tura ta aljihun jaka.

Da layi ya zo kanta, ta tarar da mutumin ba kamar yadda ta zana shi a ranta ba. Ɗan tsamurmuri ne, mai furfura a gemu, sanye da farar rigar likita wadda wuyanta ya ƙoƙe. Muryarsa a sanyaye take. Wannan ya ƙara ƙona mata rai.

"Me ke tafe da ke, 'yata?"

"Ni da maigidana ne, ranka ya daɗe. Shi bai samu zuwa ba." Ta ajiye robobin a tebur.

Ya ɗauki ta farko ya ɗaga ta saitin ƙwan lantarki, ya juya ta a hankali. Ya buɗe, ya ɗiga wani mai daga ƙaramar kwalba, ya tsura wa ɗigon ido yana yawo a saman ruwan. Ɗakin ya yi tsit.

"Kin ga yadda ya tsage biyu? Ƙoda ce, ta hagu. Akwai kuma suga, ya fara hawa."

"Ai kuwa ana yi min allura."

"Ki ajiye ta. Allura da maganina ba sa zama ciki ɗaya."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Kalmomin da ya gaya wa Inna ke nan, ta tabbata ko wasali bai canza ba.

"Na maigidan fa?"

Ya maimaita duk abin da ya yi. Wannan karon ya ɗan girgiza kai. "Shi ƙodarsa ƙalau. Hanta ce, kuma akwai hannun mutane a ciki. Yana da abokin gaba a wurin aiki?"

"Wato cutarmu ba ɗaya ba ce."

"Ko kusa."

Ta miƙe tsaye ta juya ta fuskanci bencina. Ta ɗauki robar farko ta kafa kai ta shanye, ta ɗauki ta biyu ita ma ta shanye, har da man da ke samansu. Wata mata ta toshe baki da mayafi. Wani ya yi salati ƙasa-ƙasa.

"Shayi ne," in ji Auta. "Shayi da ruwan famfo, daga kofi ɗaya. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ba ni da miji, ba ni da suga. Wannan mutumin ya duba shayi ya ga ƙoda, ya sake duba shayin ya ga hanta da maƙiyi. Shi ya ce wa uwata ta bar allura. Wata biyar ke nan da muka binne ta. Duk mai shakka ya zo ya shinshina."

Ta jira. A bas ta hango yadda za ta kasance: hayaniya, mutane na jifa da kwalabe, shi yana neman ƙofar baya. Ba abin da ya motsa sai fanka.

Mai Kwalba ya rufe kwalbar mansa, ya goge yatsunsa da tsumma.

"Allah ya jiƙan mahaifiyarki," ya ce. "Amma 'yata, ni ba ruwa nake karantawa ba. Ruwa madubi ne kawai, wanda ya riƙo shi nake gani. Kin shigo da ciwo biyu a jikinki, na faɗa miki biyu. Na ce akwai gaba, ga ta kuwa kowa ya gani." Ya dubi jama'a. "A asibitinsu ba a mutuwa ne?"

Aka yi gunaguni, kuma ba da shi ake ba. Wani mai hula a benci na biyu ya ce baƙin ciki ne ya taɓa yarinyar, a yi mata uzuri. Wata ta ce ai dama 'yan asibiti haushinsa suke ji. Mutum biyu kawai suka tashi suka fita, ɗaya ma wayarsa ce ta yi ƙara. Matar da ke rubuta sunaye ta zo ta kama Auta a gwiwar hannu, ba da faɗa ba, ta raka ta ƙofa.

Auta ta waiwaya ta ce wa dattijuwar, "Mama, don Allah ki kai ƙafar nan asibiti yau. Yau ɗin nan."

Dattijuwar ta kau da kai, ta matsa gaba ta cike gurbin da Auta ta bari.

Ba ta koma wurin aiki ba. Ta yi tafiya mai nisa a ƙasa, ɗanɗanon man nan bai bar bakinta ba, tana jin haushin kanta fiye da nasa. Ta shirya gwajin da babu ta inda zai kuɓuce, ya kuɓuce ta inda ba ta taɓa tunani ba. Abin da ya rage mata muryarsa ce a waya, ta kuma san abin da za a ce mata a ofishin hukuma: ya ce a bar allura, to, me ya bayar a madadinta? Ina maganin?

La'asar sakaliya ta iso gida. Baba na zaune a baranda da tabarau a karan hanci, ya kwance bayan rediyonsa yana goge batir. Tsohon direba ne, hannunsa ba ya iya zama haka nan. Ta gaishe shi a tsaye. Maimakon ta wuce ciki kamar kullum, sai ta durƙusa ta ajiye wayar a kan tabarma ta kunna.

Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba. Da aka zo wurin "ki ajiye ta", yatsunsa suka tsaya a kan batirin.

"Wurin da kuka kai ta ke nan, Baba," ta ce. "Mutumin da ba ya bambance fitsari da shayi."

Ya cire tabarau ya ninke. "Na sani, Auta. Tun mako na biyu na gane ba ya komai."

"Kuka bari?"

"Na ɗauko allurar da hannuna, ta ce in na matso za ta bar min gidan. Ba ni na kai ta ba, ita ta ce in raka ta." Ya ajiye tabaran a kan tabarma. "Ta ce ta gaji. Ta ce shekara goma sha ɗaya yatsunta ba su huta ba, kuma in kin shigo ɗakinta lambar kike fara tambaya kafin ki tambayi kwananta. Ta ce ita ma a bar ta ta gwada wani abu da kanta sau ɗaya, ko da ba zai yi ba. Ta roƙe ni kada in kira ki. Na biye mata. Wannan laifin nawa ne, ba na kuma neman ki yafe min shi yau."

Auta ta zauna daɓas a kan siminti. Ta tuna yadda Inna ke miƙo hannu tun kafin a tambaye ta, fuskarta na kallon bango.

"Duk da haka shi ya ce ta bari," ta ce daga baya. "Yana da baki, da ya ce ta haɗa biyun. Yanzu haka akwai wata a bencinsa, ƙafarta na ruɓewa."

"Ban ce ki ƙyale shi ba."

Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ɗakin Inna, wanda tun rasuwarta Auta ba ta taka ba. Ta ji ƙarar jan akwati. Ya fito da wata kwalba naɗe a tsohon ɗankwali, ya warware. Ruwa ne baƙi-baƙi, saura kamar rabi, wani abu fari ya kwanta a ƙasansa.

"Ragowar wanda take sha ne. Na kasa zubarwa, na kuma kasa nuna miki." Ya miƙa mata. "Wannan za ki gwada, ba shayi ba. In kin gano abin da ke ciki, ki gaya min ranar da za ki kai. Ni na sayo shi da hannuna, zan je in faɗa musu haka."

Ta karɓa da hannu biyu. A gefen murfin akwai wurin da ruwan ya zubo ya bushe. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe jaka ta ciro alƙalami, ta yago takarda.

"Wace rana ta fara sha, Baba?"

Ya mayar da tabaransa, ya zauna kusa da ita, ya soma lissafi da yatsu.