Jinin Cibiyar Ɗan Mahtab

A birnin Isfahan idan aka ce mace tana da em-es, ciwon nan na jijiyoyi, ba a neman ƙarin bayani, don kusan kowace unguwa akwai gidan da ciwon ya shiga. Shokufe tana koyarwa a firamare ya kama ta. Ya fara da ido, ya gangara ƙafa, yana cin jijiyoyinta a hankali har ta koma dogara sanda.

Da ƙanwarta Mahtab ta samu ciki, sai ƙanwar ta kafe a kan magana ɗaya: ranar haihuwa a ɗebi jinin cibiyar jaririn, a adana shi cikin ƙanƙara a bankin da ke ajiye irinsa, ko wata rana ya zama maganin yayarta. Likita bai rufe su ba. Ya ce har yanzu bincike ake yi, babu alkawari, kuma sai in jinin ya dace da jikinta. Duk bayanin nan, "wataƙila" kawai Mahtab ta ji.

"Ke dai akwai taurin kai," in ji Shokufe. "Yaro bai zo duniya ba kin ɗora masa aiki."

"Yaya, sha shayinki kawai. Wa ya goye ni bayan rasuwar Mama?"

Shokufe ta ja tsaki, amma maganar gaskiya ta sa rai. Ta sa rai har tana jin kunyar kanta, don in ta kalli cikin ƙanwarta ba jariri kaɗai take gani ba.

Naƙuda ta zo tun watan haihuwa bai kama ba. Mijin Mahtab ya miƙa akwatin da banki ya ba su, mai ɗauke da jakar ɗibar jinin, a bakin ƙofa, aka bar Shokufe ta shiga ta zauna a gefen gado. Yaron ya faɗo ɗan mitsitsi, fari fat, kukansa kamar na 'yar kyanwa. Ungozomar, wata dattijuwa marar son surutu, ta riƙe abin ɗaure cibiya ta tsaya.

"Ku saurare ni. Bakwaini ne, jinin nan da ke cikin cibiya jikinsa yake shiga, kuma yana buƙatarsa. In na ɗaure yanzu jakarku za ta cika. In na jira, ɗan abin da zai rage ba lalle banki ya karɓa ba. Da jikana ne, jira zan yi."

"Ɗaure!" in ji Mahtab. "Ai yana kuka, lafiyarsa lau. Na yi wa Yaya alkawari."

Shokufe ta zuba wa cibiyar ido. Tana harbawa, a cike, shuɗiya. Wallahi tana so. Ta tuna matakalar makarantarsu da ta daina hawa, kuma ta san ungozomar ta ga kwaɗayin a idonta.

"Kada ki taɓa," in ji Shokufe.

"Yaya..."

"Rufe min baki! Mayya kika mayar da ni, da zan zauna ina jiran jinin jariri? Nasa ne. A bar masa abinsa."

Aka jira. Mahtab tana ta shessheka. A hankali cibiyar ta yi fari ta saki, jikin yaron ya ɗauki ja, kukansa ya yi ƙarfi. Da ungozomar ta soka allura, abin da ya taru ko gindin jakar bai rufe ba. Ta ɗaga ta duba, ta girgiza kai.

Mahtab ta juya fuska bango. "Na cuce ki, Yaya."

"Kin ji sakarci. Juyo ki ga ɗanki."

Kafin a kai shi kwalba aka naɗe shi a tawul, Mahtab ta ce a fara ba wa yayarta.

"Taɓa shi ki ji, Yaya. Da ɗumi ko?"

Shokufe ta karɓe shi, ta ɗora yatsu a kumatunsa. Ba ta ji komai ba. Tun farkon bazara yatsun suka mutu, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sunkuya ta manna kuncinta a goshin yaron, ta daɗe a haka.

"Da ɗumi," ta ce.