Dashen Kashu a Gonar Aro

Damaris na tsugune tana juye ruwan jarka a gindin wani dashen kashu, sai ta ji takun mutum a bayanta. Baba Wilson ne, mai gonar, ya dogara sandarsa, fuskar nan babu annuri.

"Maman Debby, wa ya ce ki dasa itace a ƙasata?"

Tun mijinta na da rai suke noma wannan gona ta bayan Kamazou, kuma da ita take ciyar da 'ya'yanta. Aro ce, duk kaka takan kai wa Baba masarar gaisuwa. Ta san ƙa'idar aro sarai: ka shuka abin da za ka girbe, amma ban da itace, don wanda ya dasa itace ƙasar yake nema. To amma ma'aikatan gwamnati sun zo da farar mota da lasifika, suka ce zaizaya na cinye bakin rafi, duk manomin da ya bar noma wurin ya dasa itatuwa za a riƙa ba shi tallafi. Ba su tambayi gonar wa ce ba, ita ma ɗoki bai bar ta ta faɗa ba. Ta haƙura da masarar bana, ta kwashe rani tana jidar ruwa har wuyanta ya sage.

"Baba, gwamnati ce ta ce a dasa."

"Gwamnati ce ta ara wa mijinki gonar? Ki kwashe kayanki, 'yata. Ba zan mutu in bar wa jikokina shari'a ba."

* * *

A ofishin shirin da ke Barnawa, wata ma'aikaciya mai suna Lizzy ta saurare ta da kunne ɗaya, ɗayan na kan waya.

"Madam, ai mai ƙasa ake biya."

"Amma ni na dasa. Dubi hannuna."

Lizzy ta dubi hannun kuwa, har ta ce ayya. Sannan ta kira na gaba. Damaris ta fito ko sallama babu. Ranar da suke ihu da lasifika, wannan magana ɗaya ce ta yi musu nauyin faɗa.

* * *

Ranar da ma'aikatan suka zo duba gonaki, sai ga Ben, ɗan Baba Wilson mai aikin banki, cikin sabon takalmin ruwa da ko laka bai taɓa gani ba. Ashe itacen da ya zama laifi a hannunta, a hannunsa aikin kirki ne. Ya hango ta a bakin hanya.

"Anti, don Allah ara mini jarkar nan, hoto za a ɗauka."

Ta miƙa masa, don ba ta iya rowa ba. Ya karkata jarkar da babu komai a ciki, ya washe baki, ma'aikata suka tafa.

Da ta koma ɗaukar jarkarta bayan kwanaki, ta same ta yashe a gindin wani sabon allo mai ɗauke da sunan Ben. Dashen duk sun langwaɓe, ganyen ya fara ja. Ta san kowanne, har wanda akuya ta gutsura ta ɗaure shi da tsumman zanenta.

Ta gangara rafi ta cika jarkar, ta aza a ka. Ta ratso ta tsakanin dashen a hankali, ruwa na zubo mata a wuya, ta kama hanyar gida.