Guntun Sunana

Marwan ya haura shekara huɗu, amma kalmomin da ke bakinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗana ne na fari, don haka a gaban manya ba na kama sunansa, sai dai in ce yaron nan. Shi ma bai taɓa ce mini Mama ba. Ya tashi yana jin kowa a gidanmu na Aziziyya a Makka yana kiran Lantana, Lantana, ya yi ta kokawa da sunan har ya samu ya ɓallo guntu: La. Da shi yake kirana in yunwa ta kama shi, da shi yake kirana in ya faɗi.

Ba kurma ba ne. Ka buɗe ledar alewa a ɗakin maƙwabta ka gani, kafin ka kai baki yana tsaye a kanka. Hausa yana ji, Larabci yana ji, har gulmar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa ba ta wuce shi. Bakin ne dai. Sai ya buɗe shi, leɓe na lalube, harshe na kai kawo, abin ya ƙi fitowa. Daga nan ya dunƙule hannu ya yi ta buga ƙafa a ƙasa.

Zamzam kam ya sha har na fara jin kunyar masu ɗebo mana. Wanzami ya ɗaga harshen ya duba, ya ce lafiya lau. Masu shawara kuwa ba a magana, kowa likita ne a kan ɗan wani. Daga ƙarshe Mairama, 'yar goggon mijina Goggo Ɗaso, da ke aikin karɓar baƙi a wani asibitin kuɗi, ta roƙi likitar koyar da magana ta duba shi bayan an tashi aiki. Likitar ta ce hankalinsa garau, maganar tana nan a kansa, saƙon ne ke ɓacewa a hanya kafin ya iso baki. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Abin da na riƙe shi ne ta ce in aka matsa masa, ko ya tsorata, abin ƙara kullewa yake.

Tun daga ranar tsoro ɗaya ya zauna mini a ƙirji: ranar da yaron nan zai ɓace, a tambaye shi sunansa. Ni da mijina Mukhtaru da umara muka shigo, muka zauna, ba mu da igama, wato takardar izinin zama. Goggo Ɗaso, ƙanwar mahaifinsa, ita ce mai takarda, ita da 'ya'yanta. Na taɓa cewa mu ɗaura wa yaron lambar waya a hannu, Mukhtaru ya ce wannan ai igiya ce da za ta jawo askar, wato 'yan sandan ƙasar, har ƙofar ɗakinmu. Na bar maganar, don shi ma ba ƙarya ya yi ba.

Ana gab da fita Mina, unguwa ta cika ta batse. Mukhtaru yana can wajen dakon kaya a tantuna, ko waya ba ya ɗauka. Ni da Goggo mun kafa kulolin tuwo a gefen wani masaukin alhazan Najeriya bayan la'asar, Marwan na tsugune yana kallon manyan motocin alhazai, don ba abin da yake so a duniya kamarsu. Sai wata can ƙarshen layi ta ce askar. Wanda bai taɓa ganin matan Takari sun watse ba bai san gudu ba. Na sungumi kula biyu na faɗa lungu, ina cewa Marwan na hannun Goggo. Goggo ta biyo ni da kular miya tana haki, ita ma tana cewa yana hannuna.

Muka tsaya muna kallon juna.

Ban san inda na yar da kulolin ba. Na koma titi ina kutsawa cikin mutane, ina leƙa ƙarƙashin motoci, ina jan rigar duk yaron da na gani daga baya. Ko a lokacin, don tsabar sabo, "ba ku ga wani yaro ba" nake ta cewa. Wane yaro, a garin da duniya ta taru? Ina ta ganinsa a raina tsaye a gaban wani baƙo, ana tambayarsa, bakinsa na motsi ba sauti. Na yi ta zagaye har na durƙusa a bakin wata bagala, wato ƙaramin kanti. Mai kantin ne ya leƙo ya ce ya ga askar ya ɗauki wani yaro mai jar riga, irin ta Marwan, yana kuka, ya nufi inda ake ajiye yaran da suka ɓata, can bakin babban titi.

Na ji daɗi, kuma a take na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara. Wurin da na yi shekara da shekaru ina zagayewa ta bayan gida, yau da ƙafata zan shiga.

Goggo ta kama hannuna. "Tsaya, 'yar nan. Ki saki nikabinki. In an tambaye ki, ke ce Mairama, 'yata. Ni zan nuna tawa igamar, in ce kin baro taki a gida don ruɗewa. Kada ki yi dogon Larabci, Larabcin nan naki shi zai tona mu."

"Goggo, in suka gane fa?"

"In suka gane Allah na nan. Muje."

Ɗakin akwai sanyin na'ura, da kujerun roba masu launi, da askar ɗaya a bakin ƙofa. Wata ma'aikaciya matashiya ta tarbe mu. Goggo ta yi bayani da Larabcinta mai santsi, ta nuna takardarta, ta nuna ni ta ce ga uwar yaron, Mairama. Na ce na'am da wata murya da ni kaina ban santa ba.

Aka fito da shi daga ciki. Idanunsa sun kumbura, takalminsa ɗaya babu, yana riƙe da biskit ɗin da bai ko gutsura ba. Ƙafafuna suka ce in ruga. Amma Goggon mijina na tsaye a gefena, ga askar a bayana, ga kunyar ɗan fari da aka cusa mini tun ina yarinya. Sai na tsaya a bayan Goggo kamar wadda aka dasa, na sunkuyar da kai. Na ga ma'aikaciyar ta dube ni, ta sake dubana. Wace irin uwa ce wannan, na san abin da ke ranta ke nan.

Ta durƙusa a gabansa, tana riƙe da hannunsa, ta tambaye shi da Larabci a hankali. "Habibi, wannan mamarka ce? Mairama mamarka ce?"

Yaron da ba ya ƙarya, don bai taɓa samun bakin yin ta ba. Ya san Mairama sarai, ita ke kawo masa cakulan. Ya girgiza kai.

"Kai yaro," in ji Goggo. "Dubi sosai mana."

Sai na yi magana. Na ce, "Zo nan, ka ji."

Ya ji muryata. Jikinsa ya sandare, ya dunƙule hannu, biskit ɗin ya marmashe. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, yana buga ƙafar da ba takalmi a kan tayil. Na san abin da yake nema. Ina kallo yana haƙo shi da ƙyar, har ya samo.

"La! La! La!"

Kirana yake yi. A duk duniya ba wanda ya taɓa kirana da ƙarfi haka. Amma da Larabci la a'a ce, ko jaririn Makka ya san wannan. Ma'aikaciyar ta miƙe ta janye shi bayanta, fuskarta ta canza. Ta ce wa askar ɗin, yaro ya ce ba uwarsa ba ce, ya girgiza kai, yanzu kuma ga shi yana ihu. Askar ya baro bakin ƙofa ya matso.

Goggo ta shiga rantsuwa, ta ce yaron ba ya magana ne, ciwo ne da shi. Ma'aikaciyar ta ce, "Ya hajja, ai ga shi ya yi magana." Ban ga laifinta ba har yau. Da ɗana ne a hannun wata aka zo da baƙuwar fuska, haka zan so a yi. Ta ce za a mayar da shi ciki, in iyayensa na gaskiya sun zo da shaida a ba su. Ta fara jansa. Yana turjewa yana waiwayena, yanzu ko La ɗin ma ta ƙi fita, baki kawai ke motsi.

Wace shaida? Ba mu da takardar haihuwarsa, a ɗaki ungozoma ta karɓe shi. In ƙofar nan ta rufe a kansa, ba wanda zai iya zuwa ya ce nasa ne, shi kuma ba zai iya cewa na wane ne ba. Shaidar da nake da ita ɗaya ce tak, kuma in na fito da ita na san abin da zai biyo baya. Goggo ta gane, ta matse mini hannu har farcenta ya shige ni. "Lan... Mairama, ki yi haƙuri mu je mu nemo Mukhtaru."

Na zare hannuna. Na ɗage nikabin.

Da Larabcin nan nawa na kasuwa na ce, "Ba a'a yake cewa ba. Sunana yake kira. Sunana Lantana, shi La kawai yake iyawa. Ni ba Mairama ba ce, ƙarya na yi. Ba ni da igama."

Goggo ta zauna a kujerar yara ta dafe kai. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallona, sannan ta sake durƙusawa a gabansa. Ta gwada sunan, bai zauna mata a baki daidai ba.

"Lantana? Lantana mamarka ce?"

Ya gyaɗa kai da ƙarfi har haɓarsa na dukan ƙirji. Ta saki hannunsa.

Ya zo ya bugi gwiwoyina sai da na yi baya. Na ɗauke shi a gaban Goggo, a gaban askar, na ce Marwan, Marwan, na yi ta faɗa kamar wadda aka buɗe wa baki yau. Zuciyarsa na bugawa a jikin tawa. Wuyansa na warin rana da hawaye.

Askar ɗin bai ɗaga murya ba. Ya nuna mini benci a jikin bango ya ce in zauna, babbansu na zuwa. Na ce ina da tambaya ɗaya. In tarhil za a kai ni, a mayar da ni gida, tare da shi za a kai ni? Ya dubi yaron, ya dube ni, ya ce shi ba shi ke yanke wannan ba, in jira.

Goggo ta tashi. Ta kwance babban mayafin da ta yi ɗamara da shi a kan abaya, ta miƙo mini. Rabon da in goya Marwan tun yana shekara biyu, ya yi girma, ƙafafunsa har cinyoyina. Na sunkuya ya hau. Na ja mayafin na ɗaure a ƙirji, na ɗaure a ciki, na sake ƙulla kowanne sau biyu har numfashina na fita da ƙyar. Da goyo a baya benci ba ya zaunuwa, don haka a tsaye na jira, ina kallon ƙofa.