Noti Huɗu na Wuyan Jita

"Umma, idan mutum ya haɗiye mayen ƙarfe, cokali zai manne masa a ciki?"

'Yata ce ta yi tambayar da safiyar Laraba, ina tsugune ina ɗaure mata igiyar takalmin makaranta. Shekarunta biyar, kuma saboda yawan tambaya babanta yake ce mata 'Yar Jarida. Ta taɓa tambayar mai gidan da muke haya ko shi ma ciki gare shi, don haka ban ɗauki wannan da wani nauyi ba. Na ce ta miƙo ɗaya ƙafar. Hankalina yana ɗaki, inda ƙaninta Auta yake kwance. Tun jiya da yamma yake amai, ya ƙi nono, ya ƙi komai, ni kuma na ɗora laifin a kan haƙori.

Ta miƙo ƙafar, ta ce ai ta gwada, bai manne ba. Na tambaye ta a cikin wa ta gwada. Sai ta juya ta kalli teburin babanta.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ke kan teburin nan.

Maigidana mai gyaran fanka ne da injin markaɗe. Naɗa wayar tagulla ita ce sana'arsa. Tun yana saurayi yake kaɗa jitar aro, kuma burinsa ya mallaki ta lantarki, irin wadda ake jonawa da sifika. Rannan ya shigo da wani tsohon ƙyauren katako a kafaɗa, ya ce da hannunsa zai haɗa tasa. Kafinta ya yanka masa gangar jikin daga ƙyauren. Wuyan kuwa, wato doguwar sandar da ake danna tsirkiya a kai, na wata jita ce da ta fashe, wani abokinsa ya bar masa. Ba da gam ake manna wuyan ba. Gurbi ake fafewa a gangar jikin, a zaunar da gindinsa a ciki, sannan a ɗaure ta baya da dogayen noti huɗu ta cikin wani ɗan farantin ƙarfe. Ya ce daɗin wannan tsari ke nan: in zaman bai yi daidai ba, sai ka kwance, ka cusa siririn kwali a ƙarƙashi, ka sake ɗaurewa.

Zaman kuwa bai taɓa yin daidai ba. Yau tsirkiya ta yi sama har tana yanka yatsa, gobe ta yi ƙasa tana zuza kamar ƙuda a kwalba. Da ya dawo daga shago sai ya kwance, ya auna, ya ɗaure, ya sake kwancewa. Na ce masa ko kazar da aka yanka ba ta ga abin da wuyan nan ya gani ba.

Ban hana shi ba, don mutum ne da ba ya zaman majalisa, daga shago sai gida. Amma ɗaki biyu gare mu, kuma teburin aikinsa yana falo, kusa da keken ɗinkina, inda yara suke wuni. Sai na kafa dokoki. Ba a fesa fenti a gida. Ba a goge katako inda yara suke shaƙar iska. Ba a jona ƙarfen narka dalma sai Auta yana bayana. Guntayen tsirkiya a gwangwani mai murfi. Yakan ƙame ya sara mini, ya ce, "An gama, Sufeto."

Wata rana na tsinci ɗaya daga notin nan a hannun Auta, tsawonsa ya kai ɗan yatsana, ga tsini. Watansa goma sha ɗaya a lokacin, rarrafe yake, kuma duk abin da ya samu baki yake kaiwa. Na ƙwace shi. Ranar na yi wa babansu faɗa sosai, ya ce to ina zai riƙa ajiye su, tunda kullum cikin kwancewa yake, kuma gangarawa suke yi.

Ni na kawo dabarar. Ina so a riƙe wannan.

Jitar lantarki tana da wani abu a ƙarƙashin tsirkiya da ke ɗaukar sauti ya kai wa sifika. Shi kunne yake ce masa. Da kansa ya naɗa shi da waya mai sirantakar gashi, a jikin abin naɗa zare na kekena. Kunnen yana buƙatar mayen ƙarfe, sai ya sayo guda goma, ƙanana kamar ƙwayar magani, masu sheƙi, amma da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Har wasa ya yi wa 'Yar Jarida da su, ɗaya a gaban kunnenta ɗaya a baya, ya ce ya yi mata ɗan kunne ba huji. Ni kuwa sun taɓa cafke mini fatar yatsa har jini ya taru. Shida suka shiga jitar, huɗu suka rage. To ni tela ce, da mayen ƙarfe nake tsince allurai. Na ce masa ƙafar teburin ai ƙarfe ce, ya manna huɗun a can sama, dab da katakon, kowanne ya riƙe noti ɗaya. Na auna da idona: mai rarrafe ba zai kai nan ba. Ya ce kaina yana ja, da ni ya kamata a ba shagon.

Ran Litinin ina shara na ga noti ɗaya a ƙasa. Ran Talata da hantsi na sake ganin wani. Na yi mita, shi kuma ya ce mayun nan tsalle suke yi su manne wa filaya ko sukundireba, zai gan su a akwatin kayan aiki. Ya ɗora noti bibbiyu a kan biyun da suka rage, muka bar maganar.

Shi ya sa da ta kalli teburin nan na tuna da mayun biyu da suka ɓata. Na zauna a ƙasa, na jawo ta jikina, na yi mata alkawarin ba wanda zai taɓa ta. Sai ta faɗa mini a hankali. Auta ya kama ƙafar teburin ya miƙe tsaye, ya ja notin, mai sheƙin ya biyo shi, ya yar da notin ya sa mai sheƙin a baki. Na ce yaushe. Ta ce ranar da na je ɗebo shanya, da kuma jiya ina wanka. Ba ta faɗa ba saboda Abba ya ce duk wanda ya taɓa tebur zai sha bulala, ita kuma ba ta so a doki Auta.

"Amma Umma, ya tsaya da kansa fa," ta ce. "Na tafa masa."

Mu iyayensa ba mu ma san ya fara tsayuwa ba.

Ban yi karatun likita ba, amma na tuna fatar yatsana. Ɗaya ya shiga Litinin, ɗaya Talata. Ɗaya ya yi nisa, ɗaya yana baya, hanji kuma a nannaɗe yake. In suka ji ƙamshin juna, abin da ke tsakaninsu za su cafke. Na ɓamɓare biyun da suka rage na ƙulle a bakin gyale, na miƙa yarinyar ga maƙwabciyata, na goya Auta. A hanya na kira babansu. Abin da na iya ce masa kawai shi ne ya rufe shago ya same mu a asibiti.

Nas ɗin da ke karɓar kati mace ce mai kirki, amma layi ya gajiyar da ita. Ta ce yara kullum suna haɗiye kwabo da maɓalli, in ba shi ayaba da ruwa in riƙa duba kashinsa, zai fito. Ta ce in zauna a bi layi. Mutum kusan talatin ne a gabana. Auta ya daina kuka, sai wani nishi yake yi a bayana, yana naɗe ƙafafu.

Na kwance bakin gyalen, na raba mayun da ƙyar, na sa ɗaya a saman fatar da ke tsakanin babban yatsana da manuni, ɗaya a ƙasa. Suka haɗu da ƙara, ƙas. Na miƙa mata hannun.

"Anti, don Allah cire mini."

Ta ja da farce, ta sake ja, fatar tana biyo ta. Da ta samu ta zame su, wurin ya yi fari fat, sannan ya fara komawa shuɗi. Na ce wannan minti ɗaya ke nan, nasa tun jiya. Sai ta kama hannuna ta wuce da ni gaban kowa.

Aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan, wani matashi mai gilashi, ya ɗaga hoton ya nuna mini ɗigo biyu farare manne da juna. Ya ce alama mai kyau ce, tunda a haɗe suke, wataƙila tare suka shiga kuma tare za su fita; a kwantar da shi a sa ido zuwa gobe. Na ce ba tare suka shiga ba. Ya tambaye ni yadda na sani, tunda ban gani ba. Na ce ni nake share ɗakin: noti ɗaya Litinin, noti ɗaya Talata, kuma ina da shaida mai shekara biyar. Ya sake ɗaga hoton, ya matso da shi dab da fitila, ya daɗe yana kallon wani siririn layi da ke tsakanin ɗigon biyu. Sannan ya danna cikin Auta a hankali, yaron ya ƙwalla ƙarar da har yau nake ji. Likitan ya ɗauki waya ya kira na sama da shi.

Babansu ya iso ana tura gadon Auta zuwa tiyata, hannunsa duk baƙin mai. Aka ba shi takarda ya sa hannu. Muka zauna a benci a bakin ɗakin tiyata tun kafin azahar har rana ta karkata. Can ya ce da ya koma gida zai faskara jitar nan ya cinna mata wuta, shi ya kashe ɗansa da wasan banza. Na ce ya daina kiran mutuwa, yaro yana ciki yana numfashi.

"Kuma ba kai ka manna su a wurin ba, Abban yara. Ni ce."

"Ni na kawo su gidan."

"Ni na auna tsayin."

Ba mu da abin da za mu ba juna.

Babbar likitar da ta yi aikin ta fito tana cire hula. Ta ce mayun sun kama hanji ninki biyu sun huda duka, ƙazanta ta fara zuba a cikin ciki. Sun yanke abin da ya mutu, kusan taƙi guda, sun haɗa sauran. Ta ce da an kai gobe, da wata maganar muke yi, kuma ko yanzu ba za ta yi mana alkawari ba sai an ga kwana uku. Ta miƙo mini wata 'yar kwalba. Suna ciki, sun yi baƙi, har yanzu a manne.

Kwana goma sha tara muka yi. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo, ɗinkin ya yi ruwa aka sake buɗe gefe guda. Roba a hanci, roba a hannu, har aka rasa jijiya aka koma ƙafa. Ina da nono yana zuba, an hana ni ba shi, yana kallona yana miƙo hannu. Yaron da ya miƙe tsaye ba mu gani ba, sai da ya sake koyon zama.

Ya rayu. Yanzu yana tafiya, da tabo daga ƙasan ƙirji zuwa ƙasan cibiya, kuma abinci kaɗan ne cikinsa yake karɓa ba tare da gudawa ba. An ce zai iya warwarewa, an kuma ce mu riƙa lura, don irin wannan ɗinki yakan sa hanji ya sarƙe ko bayan shekaru. Duk ranar da ya yi amai, ko na ƙwarewa ne, sai na ɗauki jaka.

'Yar Jarida ta yi wata biyu ba ta tambayi kowa komai ba. Malamarsu har aiko mini ta yi ko lafiya. Nakan zaunar da ita in ce ita ta ceci ƙaninta, ta gyaɗa kai kawai. Dokar bulala kuwa mun soke ta. Yanzu dokar gidan ita ce, wanda ya faɗa ba a dukansa.

Jitar ba a ƙona ta ba, kuma ba ta taɓa yin sauti a sifika ba. Ranar da muka dawo gida, ni na ɗauki sukundireba na kwance noti huɗun da maigidana ya sake ɗaurewa daren Talatar nan. Na ciro kunnen da mayunsa shida na ce ya tafi da su shago, kada in sake ganinsu. Wuyan yana saman kabad, gangar jikin tana bayan ƙofa. Wani lokaci nakan ga ya tsaya yana kallonta, sai ya wuce. Na ce masa in yara sun girma ya haɗa abarsa, noti huɗu ne kawai. Ya ce to. Mayen da nake tsince allurai da shi ma na ba da shi, da hannu nake tsincewa.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in akwai ƙananan mayen ƙarfe a gidanku, na kayan aiki ne, na wasa ne, ko na murfin jaka, ku fitar da su yau. Kada ku auna tsayi da abin da yaro yake iyawa jiya. In kuwa kun ƙirga kun ga babu ɗaya, kada ku ce ya yi tsalle, kada ku ba shi ayaba ku jira, kada ku sa shi amai. Ku ɗauke shi ku tafi asibiti a lokacin, ku ce mayen ƙarfe ne, ku ce wataƙila biyu ne, kuma kada ku yarda a ce ku zauna a layi.